Tambaya da Amsa: Jiran MacBook mai inci 17 da sauran hasashe kan girman fuskar kwamfuta

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ga abu guda, wato girman fuskar kwamfutar tafi-da-gidanka, musamman ta kamfanin Apple, da abin da ake raɗe-raɗin zai fito nan gaba. Na zaɓi huɗu daga ciki, dukansu daga nan Legas, na kuma taƙaita su saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai ɗaukar bidiyon biki ne a Agege, kuma ni nake tace aikina da kaina. Na yi shekara biyu ina zubin adashe domin in sayi MacBook Pro, yanzu kwasata ta zo, sai wani abokina ya ce in dakata, wai ya gani a intanet cewa Apple zai dawo da mai inci 17, ko ma wadda ta fi ta girma. Idona yana wahala a ƙaramar fuska idan ina yanka bidiyo. Shin in jira ne, ko in shiga Computer Village in ɗauki mai inci 16 in huta? Daga wani mai karatu a Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Abokin naka ba ƙirƙirar zancen ya yi ba, domin maganar dawowar mai inci 17 takan taso lokaci zuwa lokaci, kuma tana da tushe a tarihi. Apple ya fara fitar da kwamfutar tafi-da-gidanka mai inci 17 a watan Janairun 2003, lokacin sunan jerin PowerBook, ya ci gaba da yin ta bayan an koma sunan MacBook Pro a 2006, sannan ya janye ta daga kasuwa a watan Yunin 2012, a ranar da ya gabatar da mai inci 15.4 ta farko mai fuskar Retina, wato fuska mai tsananin kaifin hoto. Tun daga nan masu tace bidiyo da masu haɗa sauti suke begenta. Sai dai abin da suke bege ya riga ya dawo ta bayan gida ba tare da an lura ba. A watan Nuwamban 2019 mai inci 15.4 ta zama mai inci 16, a watan Oktoban 2021 kuma ta ƙara zuwa 16.2. Idan aka lissafa faɗin fili, ratar da ke tsakanin tsohuwar mai inci 17 da mai 16.2 ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba, alhali ɗigon da ke haɗa hoto a fuskar sabuwar, 3456 a kwance da 2234 a tsaye, ya ninka na tsohuwar, mai 1920 da 1200, fiye da sau uku. Tsohuwar kuma nauyinta ya kusa kilo 3, sabuwar kilo 2 ce da ɗan ɗoriya, wanda duk mai saɓa jaka ya hau danfo daga Agege zuwa Ikeja ya san bambancinsa a kafaɗarsa.

Akwai kuma wani shinge da masu hasashe ba su cika ambata ba, shi ne batir. Ƙa'idar sufurin jiragen sama ta yarda fasinja ya shiga jirgi da batir da ƙarfinsa bai wuce ma'auni 100 na wat-awa ba, ba tare da neman izinin kamfanin jirgin ba, kuma batirin MacBook Pro mai inci 16 yana daf da wannan iyaka, kamar an auna shi da gangan. Fuska tana cikin abubuwan da suka fi shan wuta a kwamfuta, saboda haka idan aka ƙara mata girma alhali ba halin ƙara batir, awannin aiki ne za su ragu. Kamfanonin da ke yin masu inci 18, irin su Razer da Alienware waɗanda suka fitar da nasu a 2023, sun yi su ne domin masu wasan gem da ke zaune kusa da soket, ba su damu da daɗewar caji ba. Apple kuwa daɗewar caji ita ce babban abin da yake tallatawa tun da ya bar furosesar Intel, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kamfanin Intel, ya koma tasa mai suna M1 a ƙarshen 2020, kuma ban ga dalilin da zai sa ya zubar da wannan alfahari saboda inci ɗaya ba. Ga mutumin Legas, wanda wuta kan ɗauke masa yana tsakiyar fitar da bidiyon amarya, wannan batu ya fi girman fuska muhimmanci nesa ba kusa ba.

Ya kamata kuma ka san inda irin waɗannan labarai suke fitowa, domin Apple ba ya faɗin abin da zai fitar sai ranar fitarwa. Ba shi yake ƙera fuskokinsa ba, saye yake yi daga kamfanoni irin su Samsung Display da LG Display na Koriya ta Kudu, da Sharp na Jafan, da BOE na Sin, kuma daga waɗannan masana'antu ne zance yake ɓullowa, ya isa kunnen 'yan jarida da manazarta kasuwa irin su Mark Gurman na Bloomberg, da Ming-Chi Kuo, da Ross Young. Sukan dace, sukan kuma kuskure, wani lokaci a cikin labari guda. A tsakiyar 2022 Gurman ya ruwaito cewa Apple yana aikin MacBook Air mai inci 15 da kuma wata ƙarama mai inci 12. Ta farkon ta fito a watan Yunin 2023 da inci 15.3, ta biyun kuwa lokacin da aka ambata ya zo ya wuce ba a gan ta ba. Ba lallai ne ƙarya aka yi ba, domin kamfani yakan gwada samfuri da yawa a ɗakin bincike ya watsar da mafi yawansu. Wanda ya rungume kuɗinsa yana jiran mai inci 12 a wancan lokaci, jiran gawon shanu ya yi.

Idan hasashena kake so, ga shi, kuma ka riƙe shi a matsayin hasashe. Ina ganin MacBook Pro za ta ci gaba da zama a gida biyu, na 14 da na 16, kuma idan an sami ƙari to ɗan ƙanƙani ne, irin wanda ake samu ta hanyar rage baƙin firam da ke kewaye da fuska ba tare da an ƙara girman jikin kwamfutar ba, kamar yadda aka yi daga 13.3 zuwa 13.6 a MacBook Air ta 2022. Canjin da ya fi kusa a ganina na irin fuskar ne, wato komawa OLED, wadda kowane ɗigo nata yake ba da haskensa da kansa, tunda iPad Pro ta riga ta koma kanta a watan Mayun 2024, kuma Samsung Display ya sanar a 2023 cewa zai gina sabon layin ƙera irin wannan fuska domin kwamfutoci. Amma ko da ta fito gobe, sabuwa ce fil a farashin dala, kuma kai da ni mun san cewa mafi yawan abin da ake saye a titin Otigba na Computer Village tokumbo ne, wanda sai an yi shekara biyu ko uku ana amfani da shi a Amurka ko Ingila kafin ya iso mu da farashin da talaka zai iya taɓawa. Ga kuma naira, wadda bayan da Babban Bankin Najeriya ya bar wa kasuwa yanke darajarta a watan Yunin 2023 ta tashi daga ƙasa da 500 kan kowace dala a farashin hukuma ta haura 1,000 cikin ƙasa da shekara guda. Kuɗin adashe da aka ajiye a irin wannan yanayi ba ya jiran mai shi.

Shawarata ita ce ka sayi mai inci 16, ko ma mai inci 14 idan kana yawan fita da ita wurin biki, ka ware wani abu daga kuɗin ka sayi monita mai inci 24 ko 27 ka ajiye a shago. Matsalar idonka a can za ta warware, domin ko mai inci 18 ba za ta ba ka rabin filin da monita mai inci 27 za ta ba ka ba. Idan kuma idon ya ci gaba da damunka, a je a auna shi a asibiti, kada a ɗora wa kwamfuta laifin da ba nata ba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Legas, daga Idi-Araba nake zuwa Akoka kullum. Yayata tana da tsohuwar MacBook mai inci 12 wadda take shiga jakar hannu kamar littafi, ina matuƙar sha'awarta. Me ya sa aka daina yin ta, kuma akwai fatan za a dawo da irinta? Daga wata 'yar'uwa a Idi-Araba.

AMSA: Barka kadai, 'yar'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Kwamfutar yayarki ta fito ne a 2015, nauyinta bai kai kilo ɗaya ba, ba ta da fanka ko kaɗan, kuma kafa ɗaya tak take da ita ta USB-C wadda da ita ake caji da ita ake sa filashi, ban da ramin abin sauraro. An daina yin ta a watan Yulin 2019. Ba ƙanƙantarta ce ta kashe ta ba, abubuwan da aka sadaukar domin a ƙanƙantar da ita ne. Tunda ba fanka, dole aka sa mata furosesar Intel mai rauni don kada ta yi zafi, sai ta zama mai nawa. Madannanta kuma na wani sabon salo ne mai siranta, wanda ƙura kaɗan kan sa harafi ya maƙale ko ya riƙa fitowa sau biyu, har Apple ya buɗe shirin gyara irin waɗannan madannai kyauta a 2018, ya kuma bar salon gaba ɗaya daga baya. Ki tuna da ƙurar hunturu, ki ga ko irin wannan na'ura ce ta ƙasarmu. Sannan ga tsada, domin dala 1,299 aka sa mata a lokacin da MacBook Air mai inci 13, wadda ta fi ta ƙarfi da yawan kafofi, take dala 999. Kafin ita ma an yi MacBook Air mai inci 11.6 daga 2010 zuwa 2016, wadda ɗalibai suka so ƙwarai, ita ma ta tafi.

A nan hasashena ya ɗan fi karkata ga yiwuwa fiye da batun mai inci 17, saboda babbar matsalar ta kau. Furosesar Apple ta yanzu tana aiki da ƙarfi ba tare da fanka ba, shi ya sa MacBook Air tun daga ta M1 ba ta da fanka. Abin da ya rage shi ne madannai, domin su ne suke yanke wa kwamfuta faɗinta: yatsun mutum ba sa ƙanƙancewa, kuma jikin mai inci 12, wanda faɗinsa santimita 28 ne, kusan faɗin madannan ne daga gefe zuwa gefe. Da firam ɗin yau mai siranta, jiki mai wannan faɗi zai iya ɗaukar fuskar da ta ɗara inci 12, saboda haka idan ƙaramar kwamfuta ta dawo, ina sa ran lambarta za ta fi kusa da 13, kuma za a sayar da ita ne a matsayin mai araha, ba a matsayin kayan ƙawa irin na 2015 ba. Abin da ke iya hana Apple sauka ƙasa da haka shi ne iPad, wadda take da inci 11 da 13 kuma ana sayar mata da madannai daban, kuma ɗan kasuwa ba ya son hajarsa ɗaya ta kashe ɗaya.

Ke dai kada ki sayi tsohuwar mai inci 12 a yanzu komai arharta, domin sababbin manhajojin Apple sun bar ta a baya, batirinta ya tsufa, kuma idan madannanta suka lalace gyaran ba na wasa ba ne. MacBook Air mai inci 13.6 nauyinta kilo 1.24 ne, faɗinta ya ɗara santimita 30 kaɗan, wato kusan tsawon takardar A4 da kike buga aikin makaranta a kai. Duk jakar da fayil ɗinki yake shiga, ita ma za ta shiga.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni mai gyaran kwamfuta ne a Computer Village, Ikeja. Kwastomomi suna yawan yi mini gardama, wani ya ce mai inci 15.6 da mai inci 16 duk ɗaya ne, wayo ne kawai na kamfani. Na kuma lura yanzu sababbin da ke shigowa 14 ne da 16, ba 13 da 15 kamar da ba. Mene ne dalili? Daga wani mai sana'a a Ikeja.

AMSA: Maigida, wannan tambaya ta fi sauran daɗi a wurina, kuma ina ganin tef ɗin tela zai raba maka gardamar a gaban kwastoma. Incin da ake faɗa awo ne daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, a karkace, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Wannan awo shi kaɗai ba ya faɗin girman fili sai an san siffar fuskar. Yawancin masu inci 15.6 da suka cika kasuwa a shekarun baya, na HP da Dell da Lenovo, siffarsu 16 a kwance ce 9 a tsaye, irin ta talabijin. Masu inci 16 na yanzu kuwa 16 a kwance ne 10 a tsaye. Ka ajiye su gefe da gefe a kan teburinka ka ɗora tef, za ka tarar faɗinsu kusan ɗaya ne, wajen santimita 34 da rabi, amma mai inci 16 ta fi tsayi da kimanin santimita 2, wanda ya ba ta ƙarin fili na kusan kashi 11 cikin 100. A aikace wannan yana nufin ƙarin layuka a takardar lissafi ta Excel kafin mutum ya ja ƙasa, kuma ga ɗan canji ko mai ajiyar lissafin shago a Mile 12 wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Dalilin yaɗuwar siffar talabijin tun farko daga masana'anta yake. Ba a ƙera fuska ɗaya-ɗaya, ana yin ta ne a kan ƙaton faifan gilashi, wanda a wasu masana'antu ya kai mita 2.2 a mita 2.5, sannan a yayyanka, kamar yadda tela yake shimfiɗa yadi ya lissafa riga nawa za ta fita ba tare da ƙyalle ya yi yawa ba. Girman da ya fi fita da yawa da ƙarancin asara shi ne yake araha, shi ya sa ka ga lambobi marasa kan gado irin su 13.3 da 15.6 da 17.3 suna maimaita kansu a kamfanoni daban-daban. Apple bai bi siffar talabijin a yawancin kwamfutocinsa na tafi-da-gidanka ba, ya tsaya kan 16 da 10, kuma saboda yawan abin da yake saye yana iya sa a yanka masa girman da babu mai amfani da shi sai shi, irin 14.2 da 16.2, inda ɗan ɗoriyar ta fito daga ƙarin filin sama da ke gefen kyamara. Sauran kamfanoni sun dawo wannan siffa daga baya, kuma da aka rage firam, jikin da a da yake ɗaukar inci 13 ya zama yana ɗaukar 14, na 15 kuma yana ɗaukar 16. Dell ma a 2024 ya maye gurbin kwamfutarsa ta XPS mai inci 15 da mai 17 da masu 14 da 16.

Abin da wannan yake nufi ga sana'arka ka fi ni saninsa. Fuskar 15.6 ta gama-gari tana shiga kwamfutoci da dama muddin soket ɗinta ya dace, shi ya sa take samuwa a kowane lungu na kasuwarku. Fuskar MacBook kuwa ba ta shiga komai sai irinta, galibi ma murfin gaba ɗaya ake canzawa, kuma idan OLED ta shigo ina sa ran kuɗin canji zai ƙara hawa. Ya kamata ka riƙa gaya wa mai sayen tokumbo kuɗin canjin fuskar tun kafin ya biya, domin da yawa sai ranar da yaro ya rufe murfi a kan biro suke jin farashin.

TAMBAYA: Malam, gaskiya ne Apple zai yi kwamfutar da fuskarta take naɗewa kamar tabarma, mai inci 18 ko 20? Daga wani mai karatu a Obalende.

AMSA: Malam, ba naɗewa irin ta tabarma ake nufi ba, ninkewa ce gida biyu kamar littafi. Manazartan da na ambata a sama sun sha ruwaito cewa Apple yana gwada irin wannan na'ura, kuma lokacin da suke sa mata ya sha matsawa gaba. Fasahar kanta tana nan, domin Lenovo ya fitar da ThinkPad X1 Fold mai inci 13.3 a 2020, Asus ya biyo da mai inci 17 a 2022, HP ma ya yi tasa a 2023, kuma dukansu tsada ta hana su yaɗuwa. Lambar kuma tana ruɗi, domin mai inci 17 idan aka ninke ta aka ɗora mata madannai a rabin ƙasa, abin da ya rage a gabanka bai wuce inci 12 da rabi ba. Dole kuma irin wannan fuska ta zama ta taɓawa da yatsa, abin da Apple ya daɗe yana ƙi a kwamfutocin Mac tun zamanin tsohon shugabansa Steve Jobs, wanda a 2010 ya nuna cewa miƙa hannu ana taɓa fuskar da ke tsaye yana gajiyar da mutum. Idan ta fito, ina zaton za ta fi kama da babbar iPad fiye da MacBook, kuma za a daɗe kafin a ga mai iya canza mata fuska a Ikeja.